Na'urar rage shan mai ta haɗin gida: yadda ake haɗa ta da yadda ake gwada ta kafin a yarda da ita

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai adaidaita sahu, mai shagon aski, mai cajin waya, mai injin markaɗe a lungu, kowa a Kano ya koma lissafin lita. A irin wannan yanayi ne bidiyoyi suka cika WhatsApp da TikTok: ga janareta yana ruri, an cire masa tanki, an jona shi da wata kwalba mai ɓulɓula, ana cewa rabin abin da ke ciki ruwa ne. Wasu masu walda da bakanikai sun fara haɗawa, wasu ma har sun sa mata kuɗi.

Wannan jagora na mai son ya haɗa ne da hannunsa ya gani. Zan faɗi yadda ake haɗawa, amma zan fi daɗewa a kan awo, domin nan ne kusan kowa yake zamewa. Ra'ayina kuma ba zan ɓoye shi ba: ban ga hujjar da ta nuna waɗannan na'urori suna rage shan mai ba, kuma inda aka ga ragi, yawanci gyaran da aka yi wa injin lokacin haɗawa ne ya kawo shi. To amma gani ya kori ji. Idan ka auna da kyau, ba ka bukatar ka ɗauki maganata ko ta mai bidiyo.

Daga ina abin ya fito

Wadda aka fi kwaikwaya ita ce ta wani Ba'amurke mai suna Paul Pantone, wanda ya yi mata rajistar mallaka a Amurka a 1998, ya kira ta GEET. Tunaninsa shi ne a bi da tururin mai da na ruwa ta cikin wani siririn bututu da aka zura a cikin bututun hayaƙi, zafin hayaƙin ya farfasa su su zama iskar da ta fi ci. Manoma a Faransa sun yi ta ɗaura wani samfurinta a taraktocinsu. Shi Pantone daga baya ya shiga hannun hukuma a jihar Utah kan damfarar masu zuba jari. Ta biyu ita ce tulun da ake zura wa wutar batir don raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin, a tura su cikin injin. Wanda ya yi suna a wannan fanni, Stanley Meyer, wata kotu a jihar Ohio ta yanke a 1996 cewa abin da ya yi damfara ce, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu kuɗinsu. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta sami wadda ta kawo wani ragi na a zo a gani ba.

Duk da haka asalin ilimin ba ƙarya ba ne, shi ya sa abin yake ruɗar mutane masu hankali. A masana'antun takin zamani, irin na Dangote a Lekki da na Indorama a Eleme, ana haɗa iskar gas da tururin ruwa a sami haidurojin. Sai dai ana yin haka ne a zafin digiri 700 zuwa 1,000, a kan sinadarin nikel wanda yake zaburar da haɗuwar, bayan an tace gas ɗin an cire masa farar wuta, saboda farar wuta tana kashe nikel ɗin. Bututun famfo da sandar ƙarfe a bayan ƙaramin janareta ba su da nikel ɗin nan, zafinsu bai tsaya a wannan mataki ba, kuma tururin yana wucewa ne cikin ƙiftawar ido. Abin da yake faruwa a ciki shi ne man yana zama tururi mai zafi.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata ka riƙe kafin ka sayi ko da noti ɗaya. Masu tallar na'urar suna cewa injin yana zubar da yawancin mansa ba tare da ya ƙone ba. Ba haka ba ne. Injin da yake da lafiya yana ƙone sama da kashi 95 cikin 100 na man da ya shiga cikinsa. Asarar tana wani wuri: daga ƙarfin da wutar ta bayar, kusan kashi 25 zuwa 30 ne kawai yake zama juyi a injin mota, sauran yana fita a matsayin zafi ta salansa da lagireto. Ƙaramin janareta ma bai kai haka ba. Saboda haka ko da na'urar ta sa kowane ɗigo ya ƙone ƙurmus, abin da za ta ƙara bai wuce 'yan kashi kaɗan ba. Shi kuwa ruwa, tokar haidurojin ne, ya riga ya ci wuta ya gama. Kafin ka mai da shi abin ƙonawa sai ka biya ƙarfin da ya kai wanda za ka samu, har da ɗori.

Mataki na 1: zaɓi injin da wurin aiki

Kada ka fara da motarka ko kekenka na neman abinci. Nemi tsohon janareta mai kilowat 2 zuwa 3, irin wanda ake zuba wa baƙin mai daban, wanda ko ya lalace ba za ka yi kuka ba. Tsohon injin ban ruwa irin na manoman Kura da Kadawa ma zai tashi, sai dai auna aikinsa ya fi wuya.

Ƙaramin janareta irin Tiger, wanda ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, kada ka kusance shi da wannan gwaji. Baƙin man da ke cikin fetur ɗin shi ne yake shafe fistin da ringi. A kwalbar ɓulɓula fetur ne yake tashi, baƙin man ya zauna a ƙasa, injin ya yi ta gudu a bushe har ya kama.

Wurin aiki ya zama fili, ba zaure ba, ba shago ba, ba ƙarƙashin bene ba. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyalai gaba ɗaya a cikin barci a ƙasar nan. Ka tanadi abin kashe gobara mai hoda da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Yara su yi nisa, mai shan sigari ma haka, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai.

Mataki na 2: gyara injin tun kafin komai

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne yake haifar da labaran “ta rage mini rabi”. Mutum yana da janareta da kafiretarsa ta toshe, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Wajen ɗaura na'ura sai ya kwance komai ya wanke, ya sa sabon fulogi. Shan mai ya ragu, sai yabo ya tafi ga bututu.

Don haka ka fara yin waɗannan: juye baƙin mai ka zuba sabo, wanke kafireta da jet ɗinta, wanke soson matatar iska ko ka sauya shi, sa sabon fulogi mai lambar da kamfanin injin ya rubuta, ka sa a saita bawul, ka duba tiyon mai ko yana yoyo, ka tabbata cok yana buɗewa gaba ɗaya bayan injin ya tashi. Idan kana so ka ga abin mamaki, yi awon mataki na 4 sau ɗaya kafin wannan gyara, ka sake bayansa.

Mataki na 3: kayan awo

Ba su da tsada. Kana bukatar kwalba mai maki na mililita, irin ta ɗakin gwaje-gwaje da ake samu a shagunan kayan asibiti, ko babban sirinji da za ka yi wa wata kwalba maki da shi. Sai agogon wayarka, da mitar auna ƙarfin wuta irin ta masu gyaran rediyo, wadda za ka samu a Sabon Gari. Idan ka sami ƙaramar mitar da take ƙirga yunit, wadda ake jonawa tsakanin soket da kaya, ta fi komai, domin ita za ta gaya maka ainihin aikin da injin ya yi.

Sannan kayan da za su ja wuta. Suna bukatar su zama masu ja iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Dutsen guga bai dace ba, saboda yana ɗaukewa yana dawowa da kansa. Firji ma haka. Fitilun halojin masu wat 500 guda biyu sun yi daidai, ko tsofaffin ƙwayaye masu zare da jimillarsu ta kai wat 1,000.

Fetur kuma ka saya a gidan mai ɗaya, a jarka ɗaya, wanda zai ishe ka dukkan gwajin, ka riƙa rufe ta gam. Na 'yan bumburutu ba ya awo, domin ba ka san abin da aka gauraya ba, kuma galan na yau ba lallai ya zama irin na gobe ba.

Mataki na 4: awon farko, ba tare da na'ura ba

Cire tiyon da ya taho daga tanki, ka jona kafireta da kwalbarka mai maki, ka rataye ta daidai tsayin da tankin yake, nesa da salansa. Tayar da injin, kunna fitilun, ka bar shi minti goma ya yi zafi. Injin mai sanyi ya fi shan mai, kuma idan ka auna ɗaya da sanyi ɗaya da zafi ka yaudari kanka.

Da man ya sauko kan wani maki, danna agogo. Da ya sha mililita 200, tsayar. A tsakani ka rubuta ƙarfin wutar sau biyu ko uku. Maimaita sau uku aƙalla, ka ɗauki matsakaici. Za ka ga sakamakon ba ya zuwa daidai da juna, wani ya ɗara da rabin minti, wani ya gaza. Wannan bambancin ka riƙe shi, domin duk “ragin” da bai wuce shi ba, ba ragi ba ne.

Ga misalin lissafi, da lambobin da na ɗauka don bayani kawai. A ce mililita 200 ta yi minti 15 tana riƙe da wat 1,000. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya, irin wanda mitar KEDCO take cirewa. Minti 15 rubu'in awa ne, wato yunit 0.25. Raba da lita 0.2, ka sami yunit 1.25 a kowace lita. Wannan lambar, yunit nawa lita ta ba ka, ita ce alƙalin. Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, ka ga ke nan yawan abin da yake tafiya a zafi.

Mataki na 5: haɗa na'urar

Tsarin da ya fi yawo na ƙananan injuna yana da sassa uku. Kayansa duk akwai su a wajen masu kayan famfo da kuma Kofar Ruwa.

Na farko bututun zafi. Ana samun bututun ƙarfe mai faɗin rabin inci, tsawonsa kamar inci 16, a zura shi cikin wani mai faɗin inci ɗaya, tsawon inci 12, a rufe bakunan na wajen da mahaɗa mai baki uku ta yadda na cikin zai leƙo ta kowane gefe. Hayaƙin injin yana shiga ta gefe ɗaya, ya bi ratar da ke tsakanin bututun biyu, ya fita ta ɗaya gefen zuwa salansa. A cikin ƙaramin bututun ana sa sandar ƙarfe mai santsi, tsawon inci 12, wadda ta kusa cika shi, ratar da za ta rage kamar milimita ɗaya, a yi mata 'yan ɗigon walda don ta zauna a tsakiya. Tururin mai yana bi ta wannan ratar, yana tafiya kishiyar hayaƙin. Ka nemi baƙin bututu. Mai farin shafi, wanda aka fi sayarwa don ruwa, idan ya yi zafi ko aka yi masa walda yana fitar da hayaƙin zinki mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ka gaya wa mai waldar wannan da bakinka, kada ka ɗauka ya sani.

Za ka ji ana cewa sai an juya sandar ta kalli arewa, wai tana zama maganaɗisu. Kada ka ɓata lokacinka a kan wannan.

Na biyu tulun ɓulɓula. Shi ne ake zuba fetur da ruwa a ciki. Bututu ɗaya yana shiga har ƙasa yana kawo iska ko ɗan hayaƙi, wani a sama yana kwashe tururin zuwa bututun zafi. A bidiyo za ka ga ana amfani da kwalbar gilashi ko robar lemo don a nuna ɓulɓular. Kada ka yi haka. Ka sa a yi maka na ƙarfe mai murfin da yake ɗauruwa, kada ka cika shi ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ka ajiye shi a ƙasa da injin kuma nesa da zafi, ka ɗaure shi kada ya faɗi. Tsakaninsa da bututun zafi dole a sa bawul mai barin iska ta wuce gefe ɗaya kawai, da ɗan gwangwani da aka cusa wa soson ƙarfe mara tsatsa don ya tare harshen wuta. Injin yakan yi tari ya mayar da wuta baya, kuma tulun nan cike yake da tururin fetur gauraye da iska. Idan ba za ka sa waɗannan biyun ba, ka haƙura da aikin gaba ɗaya.

Na uku famfunan saiti. Ƙananan famfunan ƙarfe uku: ɗaya na iskar da take shiga tulu, ɗaya na tururin da yake fita, ɗaya na iskar waje da za ta gauraya da tururin daf da shiga injin. Injin fetur yana son kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram na mai. Kafireta tana yin wannan awon da kanta, yanzu kuwa hannunka ne zai yi. Daga bututun zafi zuwa injin ka yi amfani da bututun tagulla, roba narkewa za ta yi. Ka bar kafiretar a wurinta saboda gwamnan injin, wato abin da yake daidaita juyinsa, ya ci gaba da riƙe gudu, ka shigar da tururin ta wani faranti mai huda da za a sa tsakaninta da injin, da gaskit a kowane gefe.

Kafin ka zuba mai, hura iska a cikin layin ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa akwai yoyo. Ka fi mai da hankali kan kada hayaƙi ya sami hanyar shiga bututun ciki.

Mataki na 6: tayarwa da awo na biyu

Tayar da injin da kafireta kamar kullum, ka bar bututun ya yi zafi. Sannan ka rufe man kafireta, kana buɗe famfon tururi a hankali yayin da man da ya rage a kofinta yake ƙarewa. Zai yi ta mutuwa, ka yi ta sakewa, har ka sami saitin da zai tsaya. Zai iya tsayawa kuwa, domin tururin fetur mai ne. Tashin injin bai tabbatar da komai ba sai cewa fetur yana ci.

A nan akwai tarkuna huɗu, kuma kowane bidiyo da na gani ya faɗa aƙalla cikin ɗaya.

Na farko man da ya ɓuya. Kofin kafireta yana riƙe man da zai tafiyar da injin na ɗan lokaci. Ka cire tiyon mai gaba ɗaya, ka kwance notin ƙasan kofin ka tsiyaye shi kafin ka danna agogo.

Na biyu ya fi wayo. Fetur ba abu ɗaya ba ne, gaurayen sinadarai ne, wasu suna tafasa tun daga digiri 30 da 'yan kai, wasu sai an kai kusan 200. Tulun ɓulɓula yana fara kwashe masu sauƙin tashi, waɗanda suka fi ci. A mintunan farko injin zai yi daɗi, man ma kamar ba ya raguwa sosai. Can sai ya fara rauni, a ƙarshe a bar ka da wani ruwa mai nauyi da ba ya tashi. Wanda ya auna minti goman farko kawai zai rantse ya ci riba. Kai ka zuba mililita 200, ka bar injin har ya mutu ya ƙi tashi, kuma abin da ya rage a tulun ka lissafa shi a cikin wanda aka kashe, tunda kuɗi ka sa ka saye shi kuma ba zai yi maka aiki ba.

Na uku ruwan. Bayan gwaji, ka jira tulun ya huce, ka juye shi a kwalba mai maki. Ruwa zai kwanta a ƙasa, mai ya hau sama. Karanta kowanne daban. Yawanci za ka tarar ruwan yana nan kusan yadda ka zuba shi.

Na huɗu ƙarfin wuta, kuma shi ne babba. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, don haka injin da yake shaƙar tururi mai zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Idan gudunsa ya sauka, wutar da yake bayarwa ta sauka, fitilun su rage ja. A ce mitarka ta nuna bolt 230 a awon farko, yanzu ta nuna 200. Ido ba zai ga bambanci sosai ba, amma abin da fitilun suke ja ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Man zai daɗe, i, amma don injin ya rage aiki ne. Shi ya sa ake lissafi da yunit, ba da minti ba. Janaretan da aka saba da shi a nan yana bukatar juyi 3,000 a minti don ya ba da wutar da ta dace. Idan ya gaza haka, fanka da firji da injin ɗinki su ne za su biya.

Mataki na 7: koma baya ka sake aunawa

Bayan awo uku da na'ura, cire ta, ka mayar da injin yadda yake, ka sake awo uku a ranar, da man jarkar nan. Idan na farko da na ƙarshe sun yi daidai, na tsakiya ya fi su da tazarar da ta wuce bambancin da ka gani a mataki na 4, to ka sami abin da ya cancanci a duba, kuma sashen injiniyan injuna na Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano su ne wuraren da ya dace ka nufa da takardar awonka.

Ka kwance fulogi ka dube shi. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa. Fari fat ko mai ƙuraje, iska ta yi yawa kuma injin yana zafin da ya wuce kima. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin ɗan ragin da wasu suke samu: sun shaƙe man ne, abin da za a iya yi da saitin kafireta ba tare da bututu ba, kuma idan aka zarce bawul ne yake ƙonewa. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa ƙananan ƙarafa a cikin injin, kashe shi nan take. Ka zaro ma'aunin baƙin mai kuma. Idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, juye shi kafin ka sake tayarwa.

Tulun haidurojin

Wannan ba na ba da shawarar a haɗa shi ko don gwaji. Gaurayen haidurojin da oksijin da yake fitarwa ba ya bukatar iskar waje kafin ya fashe, ƙyastu ɗaya ya ishe shi, ruwan cikinsa kuma akwai soda mai cin fata da makantar da ido. Lissafinsa ma a takarda ya isa. Tulun da yake ba da kusan lita ɗaya ta iskar a minti yakan ja amfiya 15 ko kusa da haka, wato wajen wat 200 daga cajar mota. Cajar tana asarar kusan rabin abin da injin ya ba ta, injin kuma rubu'in ƙarfin mai kawai yake mayarwa juyi. Kafin a sami wat 200 ɗin nan an ƙone fetur na kusan wat 1,600. Iskar da aka samu kuwa ƙarfinta bai wuce wat 120 ba. A motocin zamani masu kwamfuta, masu sayar da tulun sukan haɗa da wata 'yar na'ura da take yaudarar ma'aunin oksijin na salansa don kwamfutar ta rage mai. Ragin daga nan yake, kuma injin ne yake ɗaukar zafin.

Idan wani ya riga ya ɗaura maka a mota ko adaidaita

Cika tanki a famfo ɗaya na gidan mai ɗaya har ya yanke da kansa, rubuta kilomita, yi aikinka, ka dawo famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomita da lita. Idan mitar tafiyarka ta mutu, kamar ta yawancin kekuna, manhajar taswira a waya za ta ƙirga maka. Tanki ɗaya ba ya isa, domin ranar da ka wuni a cunkoson Kantin Kwari da Bata ba ɗaya take da ranar da ka yi ta zirga-zirga a titin Zariya ko Gwarzo ba. Yi tanki uku ko huɗu da na'ura, uku ko huɗu babu ita. Wani abu kuma: wanda ya kashe kuɗi a kan na'ura, ƙafarsa takan yi sanyi a kan totur ba tare da ya lura ba. Maganin wannan shi ne ka sa bakanikenka ya riƙa jonawa da cirewa ba tare da ya gaya maka ba, ya rubuta ranakun a wajensa. Ka ce masa, “Oga, kada ka faɗa mini ko na tambaye ka,” sai an gama ku haɗa takardu.

Inda ragin gaske yake

A janareta, babban abin da yake cinye mai shi ne rashin daidaito tsakanin girmansa da aikinsa. Injin kilowat 5 da aka tayar don ƙwai huɗu da fanka ɗaya yana shan mai mai yawa don ya juya kansa kawai. Yi awon mataki na 4 da wat 200, ka sake da wat 1,000, ka kwatanta yunit a lita, za ka ga tazarar da idonka. Tara ayyukanka masu jan wuta a lokaci ɗaya, ka sauya ƙwayaye zuwa marasa jan wuta, ka bar ƙananan kaya ga batir da farantin sola.

A mota da keke, fara da taya. Ka duba iska wajen mai faci kowane mako, da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi lambar da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba dukan taya da ƙafa ba. Burkin da yake kamawa, ka taɓa wilin bayan tafiya, wanda ya fi sauran zafi shi ne. Matatar iska a lokacin hunturu tana toshewa da wuri a Kano, kuma a injin mai kafireta toshewarta kai tsaye ƙarin shan mai ce. Sai al'adar nan ta garejinmu ta cire abin da yake daidaita zafin ruwan injin a jona fanka kai tsaye, wai don garinmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa na aiki ba, kwamfutarsa tana ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi. Idan mota tana zafi, a wanke lagireto a duba famfon ruwa, a mayar mata da abinta. Haka ma ma'aunin oksijin da ya mutu, ko wanda aka yanke wa waya lokacin da aka fasa tukunyar tace hayaƙi. Idan fitilar gargaɗin injin tana kunne, a sa kwamfuta a karanta, kada a liƙe ta da baƙin tef. Tuƙi kuma yana da nasa kason: fizga daga wannan danja zuwa waccan a taka burki, da barin injin yana aiki ana jiran fasinja a bakin Kabuga.

Wanda yake son sauyi babba, gas ne hanyar da aka tabbatar. Ana sayar da kafiretar da take ba janareta damar aiki da gas ɗin girki, kuma gwajin da na bayyana zai yi maka aiki a nan ma: ɗora tukunyar a sikeli kafin da bayan awa ɗaya, ka lissafa naira nawa yunit ya tsaya maka a gas, nawa a fetur, da farashin ranar, tunda dukansu hawa da sauka suke. Tukunyar ta zauna a tsaye, a inuwa, nesa da salansa, da tiyon da aka yi don gas. Na motoci kuwa, wato CNG, matsattsen gas ɗin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinsa a 2023, ana matse shi ne da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na “bar”, ninkin na tukunyar girki sau da yawa. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, aka gano tukunyarta haɗin walda ce. Wannan aikin a kai shi cibiyar da aka amince da ita, ka nemi takardar shaidar tukunyar da ranar da aka gwada ta, kuma kafin ka biya ka tabbata akwai wurin shan gas ɗin kusa da hanyar da kake bi kullum.